Gangar Gizo da Yawun Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, haka za ku ce, ba ku zuba mini ido kamar kaji sun ga tsaba ba. Yawwa. Ku matso kusa, a tura itacen nan cikin wuta.

Wata shekara aka yi yunwa a gidan Gizo. Ba a garin ba, a gidansa kaɗai, don da damina ta sauka kowa ya tafi gona, shi ya tafi inuwa. Matarsa Ƙoƙi ta kife tukunya ta ce, "Malam, yau kwana uku ban hura wuta ba. In ba ka kawo abin dafawa ba, gidanmu zan tafi."

Gizo ya fita yana jan ƙafa takwas. Sai ya iske Kwaɗo makaɗi a bakin rafi, ya shanya gangarsa a rana. Gizo ya gaji, ya haye kan fatar gangar ya zauna.

Kwaɗo ya ce, "Sauka, ba tabarmar ubanka ba ce."

Gizo ya ce, "Haba Baba Kwaɗo, bari in huta."

Kwaɗo ya ɗauki gula ya buga. Tin. Kun san Gizo da ƙafa yake jin duniya, ko ƙuda ya taɓa saƙarsa ya sani. Fatar nan ta kama rawa a ƙarƙashinsa, kar-kar-kar, da sauri da sauri, har tana yi masa cakulkuli. Muryarta kuwa siririya, kamar sauro a kunne.

Kwaɗo ya ɗebo ruwa ya yayyafa mata, ya jira ta sha, ya sake bugawa. Dum. Fata ta saki, rawar ta koma a hankali, kamar tumbin mai ƙiba in yana dariya. Murya ta yi kauri har Gizo ya ji ta cikin cikinsa, wanda dama ba komai a ciki.

Ya ce, "Baba, ganga ɗaya, murya biyu?"

Kwaɗo ya ce, "Rana ta ɗaure ta, sai ta yi rawa da sauri, murya ta sirance. Ruwa ya sassauta ta, sai ta yi rawa a hankali, murya ta yi kauri. Iyakar abin ke nan. Sauka."

Gizo ya sauka. Ko godiya bai yi ba, don tuni hankalinsa ya tafi wurin Kura.

Ita Kura a lokacin ta samu mushen wani ƙaton sa, ta yanka shi sala-sala tana shanyawa a kan falalen dutse. Kura kuwa ba ta tsoron kowa a dajin nan sai Zaki.

Gizo ya koma gida ya ɗauke randar Ƙoƙi da tsohon buzun akuya. Ya haƙa rami bayan wata sabara kusa da dutsen, ya binne randar, bakinta daidai da ƙasa, ya shimfiɗa buzun a kai ya ɗaure. Da sassafe ya zo da gorar ruwa, ya jiƙa fata ta saki, ya buga da ƙafa. Guum. Guum. Ƙasa ta amsa.

Kura ta ce, "Zaki." Ba ta tsaya sallama da naman ba.

Gizo ya cika kwando ya kai gida. Ƙoƙi ta hura wuta. Washegari ya koma, ya jiƙa, ya buga, guum, Kura ta zuba da gudu, ya cika kwando. Rana ta uku ma haka. Ƙoƙi ta ce, "Malam, ya isa haka." Ya ce, "Ke da kika ce gidanku za ki, yau ke ce mai cewa ya isa?"

Rana ta huɗu, saboda cin da ya yi, bai tashi ba sai da rana ta take. Ya ce yau zai kwashe sauran gaba ɗaya. Ya ɗauki kwando huɗu da ƙafa huɗu, ya bar huɗu na tafiya. Ƙoƙi ta miƙo gora ta ce, "Ga ruwanka." Ya ce, "Da wace ƙafar zan riƙe? Ajiye abinki."

Ya isa, ya ajiye kwanduna, ya buga. Tin.

Ya sake bugawa da ƙarfi. Tin, tin. Rana ta gasa fatar nan ta ɗaure tamau, ƙarfin bugu kuma ba ya sa murya kauri, ƙara kawai yake ƙara mata.

Kura ta ɗaga kunne ta ce, "Yau Zaki ƙwaro ya haɗiye?" Ta lallaɓo ta zagayo sabara, sai ga Gizo, ga kwando huɗu. Ta sa dagi ta danne masa ƙafafun gaba a ƙasa, na baya suka rage a kan buzu.

Ta ce, "Gizo na Ƙoƙi. Ashe kai ne Zakin."

Ya ce, "Ni, Yaya Kura? Buzuna na shimfiɗa ina shan iska. Wanda kika ji ɗan autan Zaki ne, ya tafi kiran uwarsa."

Ta ce, "Kwandunan fa?"

Ya ce, "Iskar zan kai gida."

Ta ce, "To kafin uwar ta zo na cinye ka."

Ta buɗe baki. Yawu ya ɗiga daga haɓarta, ɗis, a kan buzun. Gizo ya ji ɗigon nan da ƙafar baya, ransa ya dawo jikinsa.

Ya ce, "Ci na kam za ki yi, Yaya, amma ɗanye? Ai kin yi asara. Kakana da man shanu aka soya shi, har yau ana labari."

Kura ta ce, "Man shanu?" Ɗis, ɗis.

Ya ce, "Man shanu, sabon kaɗi. A yanka albasa, a daka daddawa da citta, a bar shi yana tsuwa a kasko har ƙafafun su yi ƙarau-ƙarau."

Kura ta lumshe ido. Yawu ya daina ɗiga, ya koma zuba. Gizo ya sa ƙafafun baya yana shafe fatar da shi ko'ina. Ya taɓa kaɗan. Tan.

Kura ta buɗe ido ɗaya. Ya ce, "Wan autan ne, ƙyale shi. Ban gaya miki yajin ba."

Ya gaya mata yaji. Ya gaya mata romon ƙashi, da ɓargo, da tuwon da za a tsoma a ciki, bai bar komai ba, yana jan magana kamar mai saƙa. Fata tana sha, tana saki. Ya taɓa. Dum.

Kura ta buɗe ido biyu. Ya ce, "Uwar ce ta iso rafi. Amma akwai sauran lokaci, bari in gaya miki kitsen."

Da ya ambaci kitse, abin da ya zubo daga bakin Kura ya isa wanke kwanon gidan biki. Gizo ya ji fata ta yi laushi, rawarta ta koma a hankali yadda yake so. Ya haɗa ƙafa huɗu ya buga. Guum. Guum. Ƙasar da Kura ke tsaye a kai ta girgiza.

Ya ce a hankali, "Wannan kam maigidan ne. In ce kina nan?"

Kura ta saki Gizo, ta saki dutse, ta saki dajin ma baki ɗaya. Tana gudu tana kuka, kukan ya fara da kauri, tsoro ya ɗaure mata maƙogwaro kamar fata a rana, ya ƙare a sirance, uuu-wii. Har gobe in kun ji Kura, haka take yi.

Gizo ya cika kwando huɗu, ya koma ya sake cikawa, ya tono randa ya ɗora a ka. Ya shiga gari yana tafe yana taƙama. Ya ajiye wa Kwaɗo tsoka ɗaya, ƙarama, ya ce ladan karatu ne. Ƙoƙi ta karɓi randarta, ta shinshina buzun ta ce, "Wannan warin fa?"

Ya ce, "Ruwan da na ce ki ajiye ne, Yaya Kura ta ba ni nata."

Ƙurunƙus, kan Kura a cikin randa. Duk wanda zai ci Gizo ya fara haɗiye yawunsa. Ku ma ku share bakunanku, na ga sun jiƙe tun daga man shanu.