Kwamfutar da Malam Yunusa Ya Ɗora a Sikeli

Akwai wani dillalin shinkafa a Haɗeja, Malam Yunusa, wanda duk kasuwa ta shaida ba a yi masa wayo. In manomi ya kawo buhun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, daga Auyo, kafin a kai ga sikeli zai kama kunnen buhun ya ɗan ɗaga. Sai ka ji ya ce, "Da yashi a ƙasan wannan," ko ya ce, "An yayyafa mata ruwa." A farke buhu, a tarar haka ne.

Wannan baiwa ita ta ciyar da gidansa shekara ashirin. Ita ce kuma ta ɓata masa zuciya, don ya kai ko gaisuwa ka yi masa da fara'a sai ya tsaya lissafin me kake nema a wurinsa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa zargi ba, ƙanensa Nu'uman. Tun shekarar da ambaliya ta ci gidansu na ƙauye, mahaifinsu tela ya karye bai sake tashi ba, Yunusa ne ya riƙe yaron. Shi ya tura shi Kano koyon gyaran kwamfuta, shi ya kama masa ɗan shago kusa da tasha.

To, ana nan sai Mardiyya, babbar 'yar Malam Yunusa, ta gama sakandare. Jarrabawar shiga jami'a a kwamfuta ake yi, ita kuwa sau biyu ta taɓa zama gaban kwamfuta. Ƙannenta kuma sun ishi kowa da maganar gem ɗin ƙwallo. Da aka kwashe shinkafar rani, Malam Yunusa ya kira ƙanensa ya damƙa masa kuɗi.

Ya ce, "Ka je Kano ka sayo mana kwamfuta ta gida. Mai kyau nake so, wadda in baƙo ya shigo zai san an sayi abu."

Kafin Nu'uman ya dawo, an sa kafinta ya buga tebur mai tsawon ƙafa shida. Ranar dawowar kuwa har mai baro Malam Yunusa ya aika tasha, don kada kaya su yi wa ƙanensa nauyi.

Mai baro ya dawo da baronsa wayam. Nu'uman na biye da shi, allo a hammata, ɗan kwali a cikin jaka.

Malam Yunusa ya leƙa bayansa, ya ce, "Ina kwamfutar?"

"Ga ta nan, Yaya."

Ya buɗe kwalin ya fito da wani ɗan baƙin akwati, da kaɗan ya fi tafin hannu. Malam Yunusa ya karɓa, ya ɗaga shi sama ya sauke, kamar yadda ya saba yi wa kunnen buhu. Bai ji komai a hannunsa ba.

Nu'uman ya haɗa wayoyi ya kunna. Allo ya kawo haske, yara suka yi tsalle, Mardiyya ta ja kujera. Amma Malam Yunusa kunnensa ya kara jikin akwatin.

"Ba ta ko ƙara."

Nu'uman ya yi dariya ya ce, "Ai kyawunta ke nan. Ƙarfinta ya fi na manyan nan da ka sani, kuma solar gidan nan za ta riƙe ta har yamma. Nan da 'yan shekaru irinta za ka gani a gidajen mutane, masu gem ma ita suke nema yanzu. Akwai ma dalilin da ya sa na zaɓar maka ita, Yaya, ka tuna lokacin da…"

Malam Yunusa ya ɗaga hannu. "Bar shi. Na gani."

Daga ranar nan idonsa ya buɗe a kan ƙanensa, buɗewar da ba ta alheri ba. Ya lura takalmin Nu'uman sabo ne. Ya lura an sake fatar kujerar babur ɗinsa. Ranar Juma'a ya gan shi ya saya wa matarsa kifi manya guda biyu, sai ya ji kamar daga aljihunsa aka zaro su. Kowane abu ya gani sai ya ajiye a ransa, bai tambayi kowa ba.

Matarsa Kulu ta ce, "Malam, abin nan fa yana aiki. Yarinyar nan har ta fara iya rubutu ba ta duba hannu."

Ya ce, "Buhun da aka cika da ƙaiƙayi ma yana tsayuwa da kansa, Kulu. Ke dai ba ki san mutane ba."

Akwai wani Haris mai shagon gem a bakin tasha, mutum mai daɗin baki. Ya ji labari, ya zo wai gaisuwa. Ya ɗauki ɗan akwatin ya jujjuya, ya duba rubutun da ke ƙasansa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ajiye yana girgiza kai.

"Malam, ni ba na shiga tsakanin 'yan uwa."

"Faɗi, ina jin ka."

"A'a, Allah dai ya kyauta. Amma kai da kanka ka san kwamfuta. Ka taɓa shiga ofis ka ga irin wannan?"

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya kuwa isa.

Ranar kasuwa Malam Yunusa ya sa ɗan akwatin a aljihun babbar riga, ya aika a kira masa Nu'uman. Rumfar cike take da manoma da 'yan dako da masu awo. Nu'uman ya zo da sauri, yana zaton wani abu ne ya lalace.

Malam Yunusa ya zaro akwatin ya ɗora a sikelin shinkafa. Allurar sikeli da ƙyar ta motsa.

Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku gane mini! Ko kilo ɗaya ba ta kai ba. Ribar shinkafar rani gaba ɗaya na ba ɗan'uwana, ya kawo mini abin da bai kai mudun gero nauyi ba. Ni Yunusa, da ba a taɓa cuta a kasuwar nan ba, a cikin gidanmu aka cuce ni!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi salati. Nu'uman ya tsaya kamar an dasa shi. Ya buɗe baki, ya dubi furfurar da ke gemun wansa, ya rufe. Daga baya ya ce a hankali, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya," ya juya ya tafi.

Jama'a, wannan magana ta yi masa ciwo, ciwon da ba a nuna wa likita. Kuma ba a ransa kawai ta tsaya ba. Wa zai kai wayarsa ko kwamfutarsa gyara wurin wanda wansa ya kira macuci a gaban kasuwa? Shago ya yi tsit.

Bayan mako biyu da 'yan kwanaki Haris ya dawo da abin da ya kira taimako. Ya ce yana da babbar kwamfuta, zai ba Malam ya karɓi 'yar ƙaramar, ko a kayan gyara ya yi amfani da ita. Mutum biyu suka shigo da ita, tsayinta ya kai gwiwa. Malam Yunusa ya kama gefenta ya ɗaga, jijiyar wuyansa ta miƙe.

Ya yi murmushi ya ce, "Yanzu na ji kwamfuta."

Da aka kunna ta fanka ta ɗauki ƙugi kamar injin ban ruwa. Malam ya gyara zama, ransa fari. Kafin azahar batirin sola ya ƙare, ko fitila babu. Washegari aka aro janareta. Rana ta uku ana cikin gem sai ta yi wari, allo ya ɗauke, ba ta sake tashi ba.

Mardiyya ta zauna gaban baƙin allo ta yi tagumi. Can ta ce, "Baba, in tambaye ka?"

"Ina ji."

"Ka taɓa sayen buhu ba ka huda ka ga cikinsa ba?"

Malam Yunusa ya dubi akwatin. Ya tashi ya karɓo wuƙar Kulu, ya kwance kusoshin gefen akwatin ɗaya bayan ɗaya, ya cire murfin.

Rabin cikin fanko ne, sai ƙura da yanar gizo. A ƙasa kuwa laka ce daskararriya, kaurinta ya kai yatsa uku, ta bushe ta tsattsage. A jikin ƙarfen daga ciki ga wani layi ja-ja ya zagaye, miƙaƙƙe sambal.

Malam Yunusa ya san layin nan. Ya ɗaga kai ya dubi bangon ɗakinsa, inda ambaliyar shekara uku da suka wuce ta bar irinsa, fenti biyu bai rufe shi ba. Kwamfutar nan ta kwana cikin ruwa. Nauyin da ya ji ya yi murna, lakar kogi ce.

Ya saɓa babbar riga ya nufi shagon Haris. Tun daga nesa ya ga matasa sun yi layi har waje, ana ihun an ci ƙwallo. Ya kutsa ciki ya duba, babu wani babban akwati. Sai da ya leƙa bayan allo ya hango ta, 'yar ƙaramar da ya ɗora a sikeli, an ɗaure ta da kyauron roba tana aikinta shiru.

Haris ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Malam, kai ka ɗaga da hannunka ka ce ta yi. Ni ban ce maka komai a kan ɗan'uwanka ba, ka tuna da kyau. Ciniki kuma ya ƙare."

Ya tuna da kyau. Haris bai ce komai ba, shi ya ƙarasa sauran da kansa.

Daga nan ya taka zuwa shagon Nu'uman. Ya tarar an sauke allon suna, kayan aiki a ɗaɗɗaure cikin kwalaye. Nu'uman ya miƙe ya gaishe shi kamar kullum, ya share masa benci.

"Ina za ka?"

"Kano, Yaya. Tsohon maigidana ya ce in koma. Nan mako uku ke nan ko mai cajin waya bai leƙo ba."

Malam Yunusa ya dubi kwalayen. Yaron da ya goya, shi ya kore shi daga garinsu da bakinsa. Ya ce, "Ka ba ni zuwa ranar kasuwa. Ita kaɗai na roƙe ka."

Ranar kasuwa, a rumfar nan, a gaban mutanen nan, Malam Yunusa ya kwance wani ƙullin leda ya zazzage busasshiyar laka a kan sikeli. Allura ta tafi har ta wuce kilo biyu.

Ya ce, "Jama'a, ranar nan na auna amanar ɗan'uwana a nan na ce ba ta da nauyi. Ga abin da na canza ta da shi. Nu'uman bai cuce ni ba. Ni na cuce shi, na cuci 'yata, na kuma yi muku ƙarya. Duk wanda ya ji ta farko a bakina, don Allah ya kai wannan inda ya kai waccan."

An yi dariya, har da masu riƙe ciki. Ya tsaya ya shanye, bai sunkuyar da kai ba. Nu'uman ne ya ratso mutane ya share lakar daga sikeli da hannunsa.

"Ya isa, Yaya. Ya isa haka."

Malam Yunusa ya riƙe hannunsa ya ce, "Ranar da ka kawo ta ka fara faɗa mini wani dalili, na katse ka. Mene ne?"

Nu'uman ya ce, "Ranar da ruwa ya ci gidanmu, kai ka ɗora ni a wuya zuwa kwalekwale. Baba yana ta jan keken ɗinkinsa, mai kwalekwale ya ce ya yi nauyi, a bar shi. Ina kallo ruwa ya rufe shi. Gidanka kuma a bakin kogi yake, Yaya. Na ce bari in sayo wadda in ruwa ya zo, Mardiyya za ta jefa a jaka ta fita da ita."

Malam Yunusa, wanda ko a jana'izar mahaifinsu ba a ga hawayensa ba, ya zauna a kan buhun shanshera ya rufe fuska da hannun riga.

Nu'uman bai tafi Kano ba. Ya kwance kwalayensa, ya ba Mardiyya kujera a shago tana koyo a kwamfutarsa har ta shiga jarrabawa. Masu gyara sun dawo, amma a hankali, don tsegumi ya riga gyara isa ƙauyuka. Yau in ka shiga gidaje da dama a unguwar, irin ɗan akwatin nan za ka gani a bayan allo, yawanci kuma daga hannun Nu'uman aka saya.

Malam Yunusa kuwa ya ajiye dunƙulen lakar nan a gefen sikelinsa. In baƙo ya tambaya ta mece ce, ba ya ɓoyewa, daga farko yake ba shi labarin.

Darasi: Ƙwarewarka a sana'arka ba ta sa ka san ta wani ba. Kafin ka zargi wanda ya daɗe yana riƙe maka amana, zauna ka tambaye shi, ka kuma bar shi ya ƙarasa maganarsa. In kuwa ka riga ka ɓata masa suna a gaban jama'a, to a gaban jama'a za ka wanke shi. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda yake shirin ɗora ɗan'uwansa a sikeli yau.