Gorar Cikin Katanga da Tauraruwa Mai Dawowa

A wani ƙauye a gindin dutse akwai wani manomi wanda ubansa ya rasu ya bar masa gona, da rumbu biyu, da wata sandar gora mai rami a ciki, wadda aka soka a katangar gabas aka yaɓe. Gona da rumbu kowa ya san amfaninsu. Gorar ce ke bukatar bayani.

Uban mutum ne mai yawan kallon sama. Sau biyu a rayuwarsa, shekara goma sha uku tsakani, ya ga wata tauraruwa mai wutsiya ta fito ta gabas kafin gari ya waye. Ba irin babbar nan ba ce da ke tsorata gari. Wannan ƙarama ce, dishi-dishi, kamar an dangwali toka da yatsa an shafa a baƙin zane, wutsiyar ma sai mai kaifin ido ke ganinta. Da ya nuna wa maƙwabta suka duba ba su ga kome ba, sai suka sa masa suna Mai-ganin-babu, har ya mutu sunan bai bar shi ba. Ɗan ma bai gan ta ba, gama sa'ad da ta zo yana wata ƙasa neman aiki.

Kafin tsohon ya rasu ya kai ɗansa gaban gorar, ya ce, "Ɗana, in shekara goma sha uku ta cika da zuwan tauraruwar nan na ƙarshe, gero ya nuna, ruwa ya fara ɗaukewa, ka leƙa nan da carar zakara ta biyu. Za ka ga taurari uku kamar duwatsun murhu. A tsakaninsu za ta zo ta zauna."

Ɗan ya riƙe maganar. Kowace shekara yakan gyara yaɓen katangar, amma inda hannun ubansa ya shafa ba ya taɓawa, ba ya kuma yarda kowa ya jingina a wurin. A gidansu ba a gyara aikin uba, haka suka tashi suka gani. Shekaru suka wuce, furfura ta fito masa, yanar ido ta rufe masa na hagu ta fara taɓa na dama. Ya san ba shi da wata shekara goma sha uku ta gani. In bai ga tauraruwar a wannan zuwa ba, ba zai ƙara ganinta ba, sunan da aka sa wa ubansa kuwa ya zauna ke nan.

Da lokaci ya yi ya gaya wa mutanen gari su zo su gani. Kwana uku na farko aka cika masa gida, kowa ya leƙa ya ga duwatsun murhu babu tukunya. A rana ta huɗu mutum biyu suka zo. Daga nan sai gaisuwa a kan hanyar gona, wani ya tambaye shi ko baƙuwa ta iso, wani ya ce barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya ji zafin maganar ƙwarai, amma bai fasa ba. Kwana goma sha ɗaya yana tashi ya durƙusa ya manna idonsa mai sauran gani a bakin gorar, har ƙurar katanga ta yi masa zobe a fuska.

Matarsa kuwa shekara talatin tana daka a gefen rumbu kafin gari ya waye, fuskarta gabas. Ba ta san sunan tauraro ko ɗaya ba, amma ta san mazaunin kowannensu kamar yadda ta san kwanukan ɗakinta. A rana ta goma sha biyu ta ga wani ɗan tabo fari-fari a ƙasan taurarin nan uku, inda ba a saba ganin kome ba. Ta gaya wa mijinta. Bai ko ɗaga kai daga gorar ba, ya ce hayaƙin murhunta ne ya shiga mata ido, ya ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ta ci gaba da dakanta. Kashegari ta tsaya daidai inda ta tsaya jiya, ta miƙa hannu ta auna da yatsa, ta ga tabon ya matsa. Rana ta uku ya sāke matsawa. Wata kuma yana ta girma, saura kwana kaɗan ya riƙa kaiwa asuba, haskensa ya shanye duk wani abu mai dishi-dishi.

Sai ta ajiye taɓarya ta zo ta tsaya a kansa, ta ce, "Maigida, taurari ba sa sauya maƙwabta. Wannan kuwa kullum da sabon maƙwabci take kwana."

Ya ce, "In ita ce, Baba ya yi kuskure ke nan."

Ta ce, "In ba ita ba ce, mutanen gari sun yi gaskiya ke nan. Sai ka zaɓi ɗaya."

Ya daɗe a durƙushe. Sa'an nan ya janye idonsa daga gorar, ya miƙe ya bi ta gefen turmi. Ya duba bai ga kome ba. Ta ce kada ya zuba mata ido sosai, ya dubi gefenta kaɗan, gama ita ma haka ta fi ganinta. Ya yi haka, sai ga ta. Yatsu uku ne kawai tsakaninta da inda bakin gorar ya tsaya. Ya yi kuka, don murna da kuma kunyar kwana ukun da ya ɓata.

Ya tashi maƙwabta. Dattawa huɗu suka gan ta, saura suka ce su dai ba su ga kome ba, kuma watakila gaskiya suka faɗa. Amma daga ranar ba a ƙara kiran ubansa da sunan nan a gabansa ba.

Da gari ya waye ya ɗauki fartanya ya tsaya gaban katangar. Tun da aka haife shi bai taɓa rushe abin da ubansa ya gina ba. Ya sassare yaɓen ya zare gorar. Ga shi kuwa, a bisa ramin akwai wani tsohon rami, mai faɗin gorar daidai, an toshe shi da laka, sawun babban yatsan ubansa yana nan a jiki. Ya auna tsakanin ramukan biyu, yatsu uku. Ashe tsohon ma ya taɓa kafa gorar a wani wuri, da tauraruwar ta dawo ta kauce masa sai ya cire ya gyara.

A nan manomin ya gane cewa kowace dawowa tana gangarawa yatsu uku, tana kuma makara da 'yan kwanaki. Ya huda rami inda ya gan ta, ya sāke huda wani a ƙasansa inda yake tsammanin za ta zo nan gaba, ya sa gorar a ciki. Bai yaɓe ta ba, tsakuwa kawai ya cusa ta riƙe ta. Ya kira 'ya'yansa ya ce su fara dubawa nan, in ba su gan ta ba su ɗaga kai su duba kewaye, in sun same ta su matsar da gorar. Bayan shekara biyu idonsa ya rufe gaba ɗaya.

Ga abin da misalin nan yake koya mana. Tauraruwar ita ce alkawarin Allah. Ba kullum yake zuwa da tsawa da walƙiya ba, sau da yawa dishi-dishi yake zuwa, amma ba ya fasa zuwa. Gorar ita ce koyarwar da iyayenmu cikin bangaskiya suka bar mana. Kada kowa ya rena ta, gama ba don ita ba manomin nan da bai san ma gabas zai fuskanta ba. Amma gora aikin hannun mutum ce, bakinta ƙarami ne, sama kuwa da faɗi.

Akwai waɗansunmu a nan da suka shekara suna addu'a, suna cewa Ubangiji bai amsa ba, alhali sun riga sun auna masa ranar da zai zo da ƙofar da zai shigo. Amsar tana yatsu uku daga inda suke leƙe. Wani a gida yana ta nuna musu, sun ƙi ji, don ba daga bakin da suke so ta fito ba. Ni kaina na yi wannan taurin kai, ba sau ɗaya ba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In kun tona rayuwar dattawan da kuke girmamawa za ku tarar da ramukan da suka toshe da hannunsu. Ku riƙe abin da suka ba ku, ku gyara inda gaskiya ta nuna muku, abin da za ku bar wa 'ya'yanku kuma kada ku yaɓe shi. Ku tuna dai manomin nan kwana kaɗan suka rage masa, wata yana girma, ido yana rufewa. Wanda yake da sauran gani, bari ya ɗaga kai tun yau.