Inda Dokin Saƙo Ya Taka

A zamanin da ake kai saƙon sarki bisa doki, an yi wani Sarkin Manzanni, Jatau, mai gonaki fal amma ba ya ƙoshi. Sai ya ƙyalla ido kan 'yar gonar wata tsohuwa, Gwamma, ya sa manzo ya ratsa gonar da doki. Zalunci ƙiri-ƙiri!

Ya ce, "Gwamma, duk inda dokin saƙo ya taka ya zama hanyar sarki. Fita!"

"Ranka ya daɗe, ko'ina?"

"Ko'ina! Har gaban alƙali zan maimaita."

Ya kuwa maimaita. Gwamma ta san dokin da kwaɗayin kanwa, sai ta barbaɗa ta tun daga makiyayarsa har tsakiyar lambun raken Jatau. Doki ya bi yana lasa.

Da hantsi Jatau ya tarar da fatake da jakunansu suna ratsa rakensa, Gwamma a gaba, alƙali a gefenta.

"Ke! Wa ya ba ku hanya?"

"Dokinka, ranka ya daɗe, ga sawunsa. Hanyar sarki ai ta kowa ce."

"Ƙarya! Yaushe takun doki ya mai da gona hanya?"

Gwamma ta dubi alƙali ta ce, "Allah gafarta malam, ka dai ji. Bari in ɗauko fartanyata in koma gonata."