Ranar da Rijiya Ta Tona Asirin Salmanu

Akwai wani maginin rijiya mai suna Salmanu, mutumin Nijar, da ke shigowa ƙauyukan Kuyello duk rani neman aiki. A bana manomi Alhaji Abarshi ya ɗauke shi ya haƙa wa unguwa rijiya, don matan sun gaji da zuwa rafin bakin daji cikin fargaba.

Aiki ya yi nisa, ruwa bai fito ba. Sai ga labari: gwamnati ta ce a yi wa baƙin ma'aikata rajista. Kafin labarin ya bar teburin mai shayi ya koma, "Za a kwashe su a mota!" Mutanenmu ke nan, ba sa barin labari ya tafi babu gishiri.

Da hantsi sai ga farar mota. Salmanu ya hango ta. In aka tafi da shi, ya rasa abincin iyalinsa, rijiya kuma ta zama rami.

"Alhaji, ka rufa min asiri!" Ya kama igiya ya sulale cikin rijiyar.

Jami'in da ya sauko daga motar, wani Japheth, ya yi sallama. "Baba, ina baƙonka?"

Abarshi bai iya ƙarya ba. Ya dubi sama, ya sosa ƙeya. "To... yallaɓai... yana kusa."

Japheth ya kalli igiyar da ke motsi, ya danne dariya, ya zauna a inuwa. "Babu gaggawa, Baba. Zan jira shi."

Shi kuwa Salmanu, hannunsa bai saba zama banza ba. Don ya rage tsoro sai ya ci gaba da sara a hankali. Can ƙasa ta yi laushi, sanyi ya taɓa ƙafarsa. Nan take ya manta ɓuya yake yi.

"Ruwa! Alhaji, wallahi ruwa!"

Mata suka fito da guɗa. Japheth da kansa ya kama igiya, aka jawo Salmanu, laka har gira. Ya miƙa wa jami'in hannuwa biyu. "Yallaɓai, ga ni. Amma ka bari in gama ɗaure bangon rijiyar."

"Haba malam, wa zai kama ka? Kati zan ba ka, ka yi aikinka ba mai tare ka a hanya. Ɗan gari kawai nake so ya tsaya maka."

"Ni ne nan!" in ji Abarshi. Mata suka ce su ma sun tsaya.

Farin ciki ya hana Salmanu wanke fuska. Haka aka ɗauke shi hoto, kuma har yau katinsa laka ce da haƙora talatin da biyu.

Darasi: Kada jita-jita ta sa ka guje wa dokar da aka yi don ta kare ka, ka tambaya tukuna. Baƙon da ke yi mana aiki, mu tsaya masa. Jami'i kuma, haƙuri ya fi tsawa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu shayin unguwarku.