Giginyar Matar Sarki

Ina matar sarkin ƙasar Bama a birnin Inwa, doka ce kada kan talaka ya ɗara nawa bisa. Ran nan iko ya ɗebe ni, na sa aka kirawo Nga Htwe, mai hawan giginya.

Na ce, "Hau ka tsinko mini, ba na cin wadda ta faɗo. Ka ƙi, a sare kanka. Kanka ya wuce nawa, a sare shi."

Ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, ai da sauƙi. Ki fara hawa, ina biye da ke."

Na dubi giginyar, na dubi ƙibata, ni da matakala uku ke sa ni haki.

Na ce, "Bar shi. Wadda ta faɗo ta fi zaƙi."

Ya ce, "Haka mu ma muke cewa, ran da muka kasa hawa."