Kalmar da Aka Ƙarasa wa Yaya

Akwai wani matashi da abokansa ke kira Rediyo. Waya yake sayarwa a wani babban shago. An ce ya taɓa sayar wa wani bawan Allah waya, alhali tambayar hanya ce ta shigo da mutumin. Ko ba haka aka yi ba, cikin waɗanda suka san shi babu wanda ya musa.

Yayansa kuwa mai gyaran firji ne, kuma yana da in'ina. Magana takan maƙale masa a tsakiyar hanya, sai ya runtse ido ya yi ta fama har ta fito.

Tun suna yara Rediyo ke ƙarasa masa zance. A gaban malami, a gaban likita, har ranar da Yaya ya fara yi wa wadda ya aura magana, rabin hirar daga bakin ƙanensa ta fito. Abin mamakin shi ne bai taɓa kuskure ba. Yaya na buɗe baki, ya san inda zai sauka.

Yaya ne ya koya masa wasan katin mashaya jini, wato dodannin tatsuniyar Turawa da hasken rana ke ƙonewa. Duk ƙarshen mako ake haɗuwa a ɗakin bayan wani shagon buga takardu, manyan mutane masu iyali, kowa da kwalin katinsa. Kowane ɗan wasa yana da dangin mashaya jininsa, da jajayen duwatsu a gabansa a matsayin jini. Wanda duwatsunsa suka ƙare ya faɗi.

Doka ɗaya ce ke riƙe da wasan. In ka kai hari, dole ka dakata. Wanda ka kai wa harin zai ce ɗaya cikin biyu: "na tare", ya ajiye katin kariya, ko "na wuce". Da zarar ya wuce, ƙofa ta rufe. Komai ƙarfin katin da ke hannunsa, ya koma takarda mai hoto.

A ɗakin nan kowa ya saba jiran Yaya. Babu inda aka rubuta haka. Ana dai jira.

Sai aka sa gasa. Wanda ya ci zai jagoranci 'yan ɗakin zuwa babbar gasar gari, inda ake wasa biyu-biyu, kuma shi zai zaɓi abokin zamansa. 'Yan'uwan nan biyu suka kai ƙarshe.

Kowa ya san duk wanda ya ci, ɗan'uwansa zai ɗauka. Wato dai dukansu za su je. Abin da ya rage kawai shi ne sunan wa za a fara kira. Ƙaramin abu ne, in ba ga mutumin da bai taɓa cin yayansa a gaban jama'a ba. Rediyo ya gaji da jin "ga gwanin nan, ga kuma ƙanensa."

Alƙaliyar wasan wata ma'aikaciyar asibiti ce da ake kira Sista. Ɗibar jini ne aikinta, don haka aka yi ittifaƙi babu wanda ya fi ta cancanta.

"Ku zauna," ta ce. "Rediyo, rage murya. Ba kasuwa muke ba."

"Sista, ai ban ce komai ba."

"Shi ya sa na faɗa tun da wuri."

Aka fara. Da farko ana barkwanci, ana tsokanar Rediyo cewa yau ma darasi ya zo ɗauka. Da wasa ya yi nisa, sai bakuna suka mutu. Ba ka jin komai sai fanka, da injin shago yana tofo takardu ta bayan bango.

Duwatsun Yaya suka ragu. Na Rediyo ma suka ragu. Aka kai inda hari ɗaya mai kyau zai gama da kowannensu.

Rediyo ya ja kati. Gimbiyar Duhu ce, mafi ƙarfi a danginsa. In ta kai hari ba a tare ba, wasa ya ƙare.

Ya ɗaga kai ya dubi hannun Yaya.

Akwai kati ɗaya can gefen hagu da Yaya ya daɗe yana riƙe da shi. Bai buga ba, bai yar ba, babban yatsansa na danne a kai. Rediyo ya san wannan riƙon. Alfijir ne, katin da ba a iya bugawa sai a daidai wannan dakatawar, bayan an furta hari, kafin a ɗebi jini. Yana ƙone mai harin ƙurmus, ya mayar da ɓarnar kan mai shi.

In bai kai hari ba, zagaye na gaba Yaya zai cinye shi. In ya kai, Alfijir na jiransa.

Rediyo ya ajiye katin. "Gimbiyar Duhu. Na kai hari."

Idanu suka koma kan Yaya.

Yaya ya buɗe baki. "Na..."

Ya runtse ido. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Yatsansa ya fara zare katin.

"Na... na..."

"Ka wuce," in ji Rediyo, cikin muryar nan mai laushi da ya saba taimaka masa da ita. "To shi ke nan, Yaya." Ya miƙa hannu wajen duwatsun.

Babu wanda ya ga wani abu. Sau nawa suka ji ya ƙarasa masa? Wani ma har ya fara tafi.

"Dakata." Sista ta ɗora hannunta a kan duwatsun. "Daga bakin mai karewa ake ji, ba daga bakin tafinta ba."

Ta juya. "Yaya, me za ka ce? Ɗauki lokacinka. In ka wuce, wasa ya ƙare. In tarewa za ka yi, ajiye katinka." Ta dubi Rediyo ta saman tabarau. "In kuma da gangan aka sa maka magana a baki, wannan ba faɗuwa ba ce kawai. Mai yin haka ba ya sake zama a teburin nan."

Rediyo ya janye hannunsa daga wajen duwatsun. Ya so ya yi dariya, ya ce haba Sista, kuskure ne. A karon farko a rayuwarsa ya laluba bakinsa bai sami komai ba.

Yaya bai dubi Sista ba. Ƙanensa yake kallo. Ba harara ba ce. Irin kallon da yake yi wa firjin da aka rantse masa lafiyarsa ƙalau ne, shi kuwa ya riga ya ji ƙarar da ke ciki.

Ya mayar da katin cikin sauran.

"Na wuce," ya ce. Ko gargada babu.

Sista ta daɗe tana dubansa kafin ta janye hannu. Aka yi tafi, aka bubbuga kafaɗar Rediyo. Wani ya ce yau dai ɗalibi ya kai malami ƙasa. Rediyo ya yi murmushin da yake yi wa masu dawo da waya.

"To, jagora," in ji Sista. "Wa ka ɗauka?"

"Ai ba sai an tambaya ba. Yayana mana."

Yaya yana jera katinsa a kwali. Ya rufe, ya ɗaure da roba, sannan ya ɗago.

"A... Auta."

Sunan Rediyo na gida ke nan. Ba ya kiransa da shi a waje.

"Ka... ka..."

Bakin Rediyo ya motsa don sabo, sai ya tsaya. Bai san abin da zai biyo baya ba. Ya tsaya yana jira kamar kowa.

"Ka ɗau... ɗauki wani. A can ba... babu wanda zai jira ni." Ya ja numfashi, ya runtse ido, ya yi ta fama. Babu wanda ya motsa. "Da na... na zaci zan je da mu... mutum ɗaya da zai jira."

Ya saɓa jakar kayan aikinsa, ya yi wa Sista godiya, ya fita. 'Yan ɗakin suka dubi juna, sannan ɗaya bayan ɗaya suka dubi Rediyo. Ba wawaye ba ne, jinkirin ganewa kawai suka yi.

Rediyo ya je gasar da wani. An fara kiran sunansa kamar yadda ya so, suka kuma dawo gida da wuri.

'Yan'uwan ba su yi faɗa ba. Suna gaisawa, suna cin abinci a ɗakin mahaifiyarsu. Sai dai yanzu in magana ta maƙale wa Yaya, Rediyo ya karkato zai taimaka, Yaya kan ɗaga yatsa ɗaya kawai. Sai ya ƙarasa abinsa da kansa, komai daɗewa.

Darasi: Wanda ya bar ka ka san rauninsa, amana ya ba ka, ba makami ba. Kana iya cin nasara ta wannan ƙofar, amma sau ɗaya take buɗewa, kuma abin da za ka ɗauka a ciki bai kai abin da za ka bari ba. In wani na fama da maganarsa a gabanka, jira shi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu saurin baki. Ku bar su su karanta har ƙarshe da kansu.