Ayabar Kurege a Bakin Hamada

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu sha labari.

A wani gari can bakin hamada rijiya ɗaya ce tal, kowa tulu guda yake samu a rana. Wanda aka kama ya taɓa ruwan wani kuwa, an raba shi da rijiya sai damina. Daminar can kuma ba ta cika alkawari.

Tsoho Kunkuru ya san ƙasarsa. Magarya da zogale ya dasa. A gindin kowace bishiya ya binne tulu har wuya, ya rufe bakin da sakaina, ya baza kara a kai. Ran Juma'a ya cika tulunan da ruwan da ya tara, su yi ta tsattsafowa a hankali har wata Juma'ar.

Shi kuwa Kurege irinmu ne: sau ɗaya ya leƙa kudu, ya dawo yana raina garinsu. Ayaba ya kinkimo, ya dasa a ƙofar raminsa.

Kunkuru ya ce, "Malam Kurege, baƙuwar nan taka ta san inda ka kawo ta?"

Kurege ya ce, "Baba, ku zauna da ƙayarku. Mu mun ga duniya."

Ya zuba mata rabin tulu, ta shanye, ta langaɓe. Ya zuba mata tulu guda, ta shanye, ta langaɓe. Ya daina wanka, har ƙudaje suka fara raka shi unguwa. Maƙogwaronsa ya bushe, amma kunya ta hana shi tuge ta. Ni ma da ba zan tuge ba.

Sai ya tuna Allah ya ba shi farce. Ya haƙa, ya haƙa ta ƙarƙashin ƙasa, har gindin tulunan Kunkuru. Ya huda na fari, ya huda na biyu, ruwa ya bi rami zuwa ayaba. Ta shanye, ta miƙe. Kurege ya shimfiɗa tabarma a inuwarta yana amsa gaisuwa.

Kwana bakwai, sai ciyawa ta tsiro a bisa ramin, kore shar, layi guda daga lambun Kunkuru. Akuya ta sa baki tana ci tana bi, jama'a na biye da ita, har ta yi karo da tabarmar Kurege. Raƙumi, Sarkin Rijiya, na tsaye a bayanta.

Kurege ya hango kansa wata shida ba rijiya. Sai ya yi wuf ya miƙe.

"Madalla, ranka ya daɗe, kun gani da idonku! Dabara nake gwada muku: a ja ruwa ta ƙasa, rana ba ta sha ko ɗigo."

Kunkuru ya ce, "Da ruwana?"

"To Baba, da na wa zan gwada? Nawa ya ƙare."

Raƙumi ya matso. Ya miƙa wuya ya cinye ayabar loma uku, ya ce, "Gwaji ya yi kyau, ba za a kore ka ba. Gida arba'in ne a garin nan, kowanne ka haƙa masa. Fara da nawa, tsakar rana nake so."

Shi ya sa har yau ba ku ganin Kurege sai yana haƙa, yana ɗagowa yana duba ko saura gida nawa.

Ƙurunƙus, na sauke ta nan. Darasinta: in za ku saci ruwa, ku fara ɗaure akuya. Saura kuma kada ku tambaye ni, gwandata ta uku ke nan tana bushewa a bayan ɗaki.